Zaman Ofis Ko Aikin Ofis: Abin da Rigimar Komawa Ofis Ta Tona Game da Shugabanni

A watan Satumban 2024 shugaban kamfanin Amazon, Andy Jassy, ya aika wa ma'aikatansa na ofis takarda cewa daga farkon Janairun 2025 kowa zai koma zuwa aiki kwana biyar a mako, kamar yadda ake yi kafin annobar korona. Wata uku kafin wannan takarda, mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin, wanda ya nuna cewa barin ma'aikaci ya yi aiki daga gida kwana biyu a mako bai rage komai daga ƙwazonsa ba. Manyan kamfanoni ne duka biyun, kowanne yana da masu lissafi da suka san kan kuɗi, amma a shekara guda suka fuskanci gabas da yamma.

Gwajin na Trip.com ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba jin ra'ayin mutane aka yi ba. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun ɗauki ma'aikata 1,612, injiniyoyin kwamfuta da masu harkar talla da na sashen kuɗi, suka raba su gida biyu ta hanyar ranar haihuwa. Wanda aka haifa a ranar 1 ko 3 ko 5 ga wata, haka dai har zuwa 31, aka ba shi damar zama gida Laraba da Juma'a. Sauran suka ci gaba da zuwa ofis kullum. Ta haka ba wanda zai ce masu himma ne suka zaɓi zaman gida, ko kuwa ragwaye ne. Aka yi wata shida ana gwajin, sannan aka bi diddigin rahoton ƙwazonsu da ƙarin girmansu har shekara biyu. Ba a ga wani bambanci tsakanin ɓangarorin ba. Inda bambancin ya fito shi ne wajen ajiye aiki: masu barin kamfanin sun ragu da kashi ɗaya cikin uku a cikin waɗanda aka ba dama, musamman mata da masu zama nesa da ofis.

Akwai wani abu a gwajin da ya fi waɗannan alƙaluma jan hankalina. Kafin a fara, an tambayi manajojin kamfanin hasashensu, a jimlace hasashen nasu ya nuna aiki zai ja baya. Bayan wata shida aka sake tambayarsu, sai ga shi sun sauya magana. Tsoron da ke ransu tun farko bai fito daga wani abu da suka auna ba, sabo ne kawai. Sun saba ganin mutum a kan kujerarsa, ganin nan kuma shi ke kwantar musu da hankali cewa aiki na tafiya.

Amazon bai tsaya shi kaɗai ba. Bankin JPMorgan ya mayar da ma'aikatansa kwana biyar a farkon 2025, Shugaba Donald Trump ma a ranar da ya koma mulki, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu a umarnin cewa ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka su koma ofis. Saboda haka ba za a ce magana ta mutu ba. Amma a ganina wurin zama da yawan kwanaki duk reshe ne. Tushen rigimar shi ne me shugaba yake aunawa idan ya ce ma'aikacinsa ya yi aiki, kuma ko shi kansa ya san abin da yake so a yi.

Manomi ya san wannan tun kafin a gina ofis. Idan ka ɗauki 'yan ƙwadago a kan kuɗin yini, dole ka tsaya a gona, domin lokacinsu ka saya, kuma da ka juya baya fartanya za ta yi sanyi. Idan kuwa jinga ka bayar, kun zagaya gonar tare, kun ga iyakarta, kun yi ciniki, to kana iya tafiya kasuwa, in ka dawo ka bi kunya-kunya ka duba ko an kashe ciyawa. Sai dai ba kowa ke iya ba da jinga ba. Sai wanda ya san gonarsa, ya san noman kwana nawa ne, ya kuma san bambancin noma mai kyau da na shafa-shafa. Wanda bai san waɗannan ba ba shi da wata dabara illa ya tsaya a kan mutane.

Shugabancin masana'antu na zamani a kan tsayuwar nan aka gina shi. A wajen 1899 wani injiniya Ba'amurke, Frederick Taylor, ya riƙa tsayawa da agogo a hannu a kamfanin ƙarfe na Bethlehem yana ƙirga daƙiƙoƙin da lebura ke ɗauka kafin ya ɗaga ƙarfe ya loda a tarago. A cewarsa, da ya tsara wa mutum yaushe zai ɗauka da yaushe zai huta, lodin ya tashi daga tan 12 da rabi a yini zuwa tan 47. Aƙidarsa, wadda ya wallafa a 1911, ita ce tunani na manaja ne, ƙarfi na lebura. Henry Ford ya ɗora a kai. Da ya ga ma'aikata na gudu daga layin harhaɗa motocinsa saboda gajiya, a 1914 ya ninka albashi zuwa dala biyar a yini, amma da sharaɗi: ya kafa wani sashe da jami'ansa ke zuwa har gidajen ma'aikata su duba tsabta da shaye-shaye da yadda mutum ke riƙe iyalinsa. Shi ne kuma a 1926 ya mayar da masana'antunsa kwana biyar a mako, abin da daga baya ya zama ruwan dare. Awa takwas a yini kuwa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa ta a yarjejeniyarta ta farko a 1919. Wato makon aikin da muke ɗauka kamar da shi aka halicci duniya bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma don injin masana'anta aka yanka shi.

A gaban inji tsarin yana da ma'ana, domin in ba ka nan layi ya tsaya. Matsalar ta taso ne da aka kwashe shi ɗungurungum aka kai ofis, inda aikin na ƙwaƙwalwa ne. Ba ka iya tsayawa da agogo ka auna minti nawa akanta ya yi yana gano inda lissafi ya karkace, ko lauya yana tunanin hujja. Tun 1959 masanin harkar gudanarwa Peter Drucker ya fara magana a kan irin wannan ma'aikaci da iliminsa ne jarinsa, wanda sau da yawa ya fi maigidansa sanin aikin. Da yake auna irin wannan aiki da wuya, sai aka koma auna abin da ke da sauƙi, wato zuwa da tashi.

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan ya san littafin sa hannu. Yana kan tebur a bakin ƙofa, an ɗaure biro da zare. Ƙarfe takwas da 'yan mintuna wani jami'i zai zo da jan biro ya ja layi, wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara. Mutum zai yi sammako, ya yi rige-rigen mota, ya sa hannu a saman layi, sannan ya ajiye jaka a kan kujera don a san yana nan, ya fita cin abinci ko kai yara makaranta. Wata kuma ta makara da minti ashirin saboda ɗanta ya kwana da zazzaɓi, amma ita ce za ta zauna ta fitar da fayil goma kafin azahar. A idon littafin, na farkon ne ma'aikacin kirki. Da aka zo da na'urar ɗangwala yatsa an rage masu sa wa abokansu hannu, an kuma kama ma'aikatan bogi, wannan ci gaba ne. Amma abin da na'urar ke shaidawa bai wuce cewa yatsan ya zo ba.

Korona ce ta ƙwace wa shugabanni wannan ido a dare ɗaya. A Amurka, kafin 2020 abin da ake yi daga gida bai kai kashi 10 cikin ɗari na kwanakin aiki ba. A tsakiyar kulle ya kai wajen kashi 60, daga baya ya sauko ya tsaya a kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Aiki bai rushe ba, bankuna sun ci gaba da biya, jaridu sun ci gaba da fitowa. Sai dai zukatan manajoji ba su kwanta ba. A wani bincike da kamfanin Microsoft ya fitar a 2022, kashi 87 cikin ɗari na ma'aikata sun ce suna aikinsu yadda ya kamata, yayin da kashi 85 na shugabanni suka ce sabon tsarin ya sa da wuya su tabbata haka ne. Wannan rata ba ƙarama ba ce, kuma ba lallai ne wani ɓangare ƙarya yake yi ba. Ma'aikaci ya san abin da ya yi. Shugaba kuwa an ɗauke masa ma'auninsa ɗaya tilo, ba a kuma taɓa koya masa wani ba.

Da yawa ba su nemi koyon wani ba, sai suka sayi sabon ido. Kasuwar manhajojin sa ido ta buɗe: masu ƙirga sau nawa ka taɓa madannan kwamfuta, masu ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka kowane 'yan mintuna, masu kai rahoto in alamar sunanka ta nuna ba ka motsi. Ma'aikata su ma suka nemo maganin abin, har aka riƙa sayar da wata 'yar na'ura da ba ta da aiki sai girgiza linzamin kwamfuta don a ga kamar mutum na zaune. A 2024 aka ruwaito cewa bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma sha biyu bisa zargin irin wannan. Ha'inci ne, ba mai kare shi. Amma ya kamata shugaba ya tambayi kansa, yaya aka yi na'urar da ke girgiza linzami kawai ta iya tsayawa a madadin ma'aikaci? In da abin da ake dubawa shi ne aikin da ya fito, da ba ta yaudari kowa ba ko na yini ɗaya. Littafin sa hannu ne ya koma cikin kwamfuta, aikin ganin ido kuma ya bi shi can.

Ƙarshen wannan hanya shi ne inda babu ma shugaban da za ka gani. Direban Uber ko Bolt a Legas ko Abuja ba shi da oga mai ofis. Manhaja ce ke ba shi fasinja, ita ke yanka kuɗin, ita ke tara taurarin da fasinjoji suka ba shi, kuma tana iya rufe shi da safe ba tare da ya sami wanda zai yi wa bayani ba. Kamfanonin na cewa direba mai zaman kansa ne. A watan Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙi amincewa da haka a shari'ar Uber, ta ce tunda kamfanin ne ke tsayar da farashi, shi ke shimfiɗa sharuɗɗa, shi ke hukunta mai yawan ƙin karɓar fasinja, to direbobin suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta hana a kori irin waɗannan ma'aikata da hukuncin manhaja kawai, sai ɗan Adam ya duba. Abin da dokar ke ƙoƙarin dawowa da shi shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema a wurin shugaba, wato a sami wanda zai saurari uzuri ya kuma ɗauki alhakin hukuncinsa.

To amma kada a ɗauka duk mai kiran a koma ofis mai son mulki ne. Dalilan da Jassy ya bayar su ne koyo da koyarwa da musayar dabaru sun fi sauƙi in ana tare, kuma akwai bincike da ke mara masa baya. An duba saƙonni da tarukan ma'aikatan Microsoft fiye da 60,000 a farkon korona, aka ga da kowa ya koma gida, mutane sun ƙara manne wa 'yan sashensu, hulɗa da sauran sassa kuma ta ragu. Wani binciken a kan injiniyoyin wani babban kamfani a Amurka ya gano cewa waɗanda ke zaune a gini ɗaya da abokan aikinsu sun fi samun gyara da shawara a kan aikinsu, kuma matasa da mata ne suka fi cin wannan moriya. Shi kansa Bloom, a wani gwaji da ya yi a wannan kamfani na Sin shekaru goma kafin gwajin da aka ambata a sama, lokacin ana kiransa Ctrip, ya ga masu amsa waya da suka koma gida kusan gaba ɗaya sun ƙara ƙwazo da kashi 13, amma ƙarin girmansu ya yi ƙasa idan aka kwatanta da aikin da suka yi. Da aka gama gwajin aka ba su zaɓi, kusan rabinsu suka nemi komawa ofis, da yawa saboda kaɗaici.

Wannan ɓangare na fi damuwa da shi, domin masu yawan magana a kan daɗin aiki daga gida galibi waɗanda suka riga suka ƙware ne. Mai shekara goma sha biyar a aiki ya san kowa, ya san wa zai kira in abu ya cije, yana da ɗaki a gidansa da zai rufe ƙofa. Yarinyar da ta gama hidimar ƙasa bara fa? Rabin abin da za ta koya ba a rubuce yake ba. Za ta koye shi ne in ta ji yadda babba ke lallashin abokin ciniki da ya fusata, in ta ga yadda aka soke sakin layi uku a takardar da ta rubuta aka bar ɗaya, in wani ya leƙo ya ce mata, "Ba haka ake yi ba, kawo ki gani." Tana jin nauyin ta kira babba a waya don tambayar da take ganin ƙarama ce, amma da yana gefenta da ta tambaya. Babban kuwa in ya zauna gida aikinsa na yau zai fi sauri, tunda ba mai katse shi. Ribar ta yau ce, asarar kuma sai bayan shekara biyar za ta bayyana, lokacin da aka nemi wanda zai gaje shi aka rasa.

Saboda haka amsar ba ita ce a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. A gwajin Trip.com ma ba haka aka yi ba, an tsayar da ranakun gida, sauran ukun kowa na ofis tare. Kamfanin da ya ce a zo kwana uku amma kowa ya zaɓi nasa, zai tarar mutum ya sha cunkoson hanya ya zo ya zauna shi kaɗai yana taro ta bidiyo da waɗanda ke gida. Aikin shugaba a nan ya fi na da wuya. Sai ya rarrabe wane aiki ne ke son a haɗu, wanne ne ke son shiru. Sai ya faɗi abin da yake so a gama da ranar da yake so, a fili, yadda ba sai an yi ta karanta fuskarsa ba. Sai ya sa horar da na ƙasa ya zama cikin abin da ake auna babba da shi, in ba haka ba ba wanda zai ɓata lokacinsa a kai. Kuma sai ya yaƙi zuciyarsa ranar ƙarin girma, domin wanda kake gaisawa da shi kullum shi ke fara zuwa maka a rai, ko da wadda ba ka gani ta fi shi aiki.

Gwajin kwana huɗu a mako da aka yi a Birtaniya daga Yuni zuwa Disamban 2022 ya nuna haka ta wata fuska. Kamfanoni 61 ne da ma'aikata wajen 2,900, bisa yarjejeniyar cikakken albashi, kashi 80 na lokaci, amma aiki ya fito kamar da. Da aka gama, 56 suka ci gaba, 18 daga ciki suka ce sun tabbatar da shi ke nan. Kuɗin shigarsu bai faɗi ba, masu ajiye aiki sun ragu sosai. Gaskiya ne kamfanonin su suka kawo kansu, akasarinsu kuma ƙanana ne, don haka ba za a shafa sakamakon a kan kowa ba. Abin lura dai shi ne sun yi wajen wata biyu suna shiri kafin su fara. Sun zauna sun duba ina lokaci ke zurarewa, suka rage taruka, suka gajarta waɗanda suka rage, suka ware sa'o'in da ba a katse mutum. Ranar hutun lada ce ta wannan gyara, ba ita ce gyaran ba.

Mu ma abin ya zo har ƙofar gida. Daga 1 ga Disamban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna a ƙarƙashin Nasir El-Rufa'i ta fara mayar da ma'aikatanta kwana huɗu: Litinin zuwa Alhamis daga ƙarfe takwas zuwa biyar, an ƙara awa ɗaya ke nan, Juma'a kuma a yi aiki daga gida, ban da ma'aikatan asibitoci da makarantu a matakin farko. A Janairun 2022 makarantun gwamnati su ma suka bi. Dalilan da aka bayar su ne ƙara ƙwazo, ba mutane lokacin iyali da hutu da noma. Sai kuma 2023, bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, jihohin Kwara da Edo suka sanar da rage zuwa ofis zuwa kwana uku. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Wannan ba sabuwar dabarar shugabanci ba ce, agaji ne ga mutanen da kuɗin mota ke neman cinye albashinsu, kuma ba laifi ba ne a kira shi da sunansa.

Sai dai aiki daga gida yana da sharuɗɗan da sanarwa ba ta samar da su. Yana son wutar lantarki, yana son kwamfuta, yana son data da wani zai biya kuɗinta. Fiye da duka yana son a ce aikin kansa ya bar takarda. Matuƙar fayil na cikin kabad, masinja ne ke ɗaukarsa daga tebur zuwa tebur, darakta kuma sai ya sa hannu da koren biro, to ranar da aka ce a yi aiki daga gida fayil ɗin hutu yake yi. Mai bin haƙƙin fansho da ya taso daga Birnin Gwari ko Kafanchan ba ruwansa da ko ma'aikaci na ofis ko na gida. Tambayarsa ita ce kwana nawa takardarsa za ta yi kafin ta fito. Wannan ne ma'aunin da ya dace a ɗora kowane irin sauyi a kai, kuma ma'auni ne da za a iya ƙirgawa: kwana nawa takardar fili ke ɗauka, kwana nawa fansho, yara nawa a aji uku ke iya karanta jimla. Gwamnatin da ta wallafa waɗannan kafin sauyi da bayansa ta ba jama'a abin da za su yi mata hukunci da shi. Batun makarantu kuwa ya fi tsaya mini a rai, domin yaron makarantar gwamnati ba shi da kwamfutar da zai ci gaba da darasi ranar Juma'a, alhali ɗan makarantar kuɗi yana aji.

Kuma duk wannan zance na 'yan tsiraru ne. Ko a Amurka, masana a Jami'ar Chicago sun ƙiyasta a 2020 cewa kashi 37 cikin ɗari na ayyuka ne kawai za a iya yi daga gida, kuma kason na raguwa ne gwargwadon talaucin ƙasa. A Najeriya alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 na masu aiki ba sa cikin tsarin albashi na hukuma ko na kamfani mai rajista. Nas ba za ta yi allura ta waya ba, birkila ba zai ɗora bulo daga ɗaki ba. In aka taƙaita sabon shugabanci ga batun gida da ofis, an bar waɗannan a baya, har ma a haifar da ƙyashi a ma'aikata ɗaya, tsakanin masu zama gida da masu gadi da shara da tuƙi waɗanda albashinsu ya fi ƙanƙanta kuma su ke biyan kuɗin mota kullum.

Amma asalin maganar, wato yarda da mutum a kan aikin da aka fayyace masa, ta shafe su su ma. Misalin da ya fi gamsar da ni daga ƙasar Holan yake. A 2006 wani ma'aikacin jinya mai suna Jos de Blok ya kafa ƙungiyar Buurtzorg, masu kula da marasa lafiya da tsofaffi a gidajensu. Kafin nan tsarin da ake bi a ƙasar irin na Taylor ne: an yanka jinya gunduwa-gunduwa, wanka minti kaza, ɗaure ciwo minti kaza, ofis ne ke tsara wa kowa inda zai je, har tsohuwa ɗaya ta ga baƙin fuskoki iri-iri a wata guda. De Blok ya juya abin. Ya kafa ƙananan rukunai da ba su wuce mutum goma sha biyu ba, kowane rukuni da unguwarsa, su ke tsara jadawalinsu, su ke ɗaukar sabon ma'aikaci, su ke shawarar abin da majinyaci ke bukata. Babu manaja a kansu, sai masu ba da shawara da ake kira in an sami saɓani. Ƙungiyar ta girma ta wuce ma'aikata 10,000, hedikwatarta kuwa 'yan gommai ne. Ba sakaka aka bar su ba. Ana duba sa'o'in da kowane rukuni ya yi a wurin majinyata da kuma gamsuwar majinyatan, kowa kuma na ganin alƙaluman. Abin da aka cire shi ne mai tsayawa a kai, abin da aka ƙarfafa shi ne sanin inda aka dosa.

Wanda wannan sauyi ya fi matsa wa shi ne shugaba na tsakiya, shugaban sashe ko mataimakin darakta. A takardar nan ta Jassy akwai wani umarni da bai sami kulawa kamar na komawa ofis ba, cewa a ƙara yawan masu yin aikin da hannunsu idan aka kwatanta da manajoji, da aƙalla kashi 15 cikin ɗari. Manajan da aikinsa shi ne karɓar rahoto daga ƙasa ya miƙa sama, manhaja ta riga ta karɓe masa. Wanda zai saura shi ne wanda ya iya abin da manhaja ba ta iya ba: ya lura ma'aikaci ya yi sanyi ya gano dalili, ya raba gardama, ya faɗa wa mutum gaskiya a kan aikinsa ba tare da ya wulaƙanta shi ba. Abin takaici, kusan ko'ina ana naɗa mutum shugaba ne don ya daɗe ko don ya iya aikinsa na da, sannan a sake shi da mutum ashirin ba tare da horo na ko mako ɗaya a kan riƙon jama'a ba.

A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya an daɗe ana amfani da fom ɗin auna ƙwazo na ƙarshen shekara da ake kira APER, wanda kowa ya san yadda ake cika shi: ma'aikaci ya rubuta, oga ya ba da maki mai tsoka, domin ba mai son a ce shi ya tare wa wani ƙarin girma. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya sanar da maye gurbinsa da sabon tsarin auna ƙwazo, inda ake son shugaba da ma'aikaci su zauna tun farkon shekara su amince a kan abin da za a cim ma, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Hanyar daidai ce. Nasararta ta rataya ne a kan ko darakta zai iya rubuta wa mutum goma sha biyar da ke ƙarƙashinsa abin da yake so kowannensu ya gama kafin ƙarshen Maris, ya samar musu kayan yin sa, sannan in Maris ta zo ya iya duban wanda suke sallah a sahu ɗaya, suke zuwa sunan 'ya'yan juna, ya ce masa, "Malam, wannan bai yi ba, zauna mu ga inda aka samu matsala."